Bulon jar ƙasa da adashin ɗaki ɗaya: abin da aikin ya koya mana

Mun kafa ƙungiyar da manufa biyu: mai ƙaramin ƙarfi ya samu ɗakin kansa, sannan matasan da rikici ya raba da garuruwansu, da zawarawa, da masu buƙata ta musamman, su samu sana'a. Asusun gidaje na ƙasa da aka kafa a 1992 yana cirar kashi 2.5 cikin ɗari ne daga albashi, mutanenmu kuwa ba su da albashin da za a cira. Shi ya sa muka nemi hanyar da aikin zai riƙe kansa da ciniki, muka tsaya kan bulon jar ƙasa da ake matsewa da injin hannu, irin Cinva-Ram da aka ƙirƙiro a Kolombiya a shekarun 1950. Duk wani maƙeri mai walda da ya ƙware zai iya haɗa irinsa.

Kafin a sayi inji, a gwada ƙasa. A kankare ta saman kamar taƙi biyu, domin tana da saiwa da taki, kuma siminti ba ya kama ta. A ɗebi ta ƙarƙashi a zuba a kwalba zuwa rabi, a cika da ruwa, a sa gishiri kaɗan, a girgiza, a bar ta ta kwana. Da safe za ka ga tsakuwa da yashi a ƙasa, laka a tsakiya, yumɓu a sama. Muna son yashi ya haura rabi, yumɓu kuma ya tsaya tsakanin kashi 10 zuwa 20. Idan yumɓu ya yi yawa bulo zai tsattsage, sai a ƙara yashi. Idan ya yi kaɗan, yana fitowa daga inji zai ruguje a hannu. Kowace sabuwar tifa sai an gwada ta, ko da daga rami ɗaya aka ɗebo, don mun sha ganin ƙasa ta canza da an ƙara zurfi.

Haɗinmu shi ne kwanon sarki ɗaya na siminti, wato rabin buhu, a baro biyar na ƙasar da aka tankaɗe da rariya mai ido milimita 6. A shafe bakin baron, kada a yi tozo. Wannan ya kama wajen kashi 6 cikin ɗari, kuma buhu ɗaya yana ba da bulo kamar 110 mai tsawon santimita 29.5, faɗi 14, tsayi 9. A juya a bushe har launin ya zama ɗaya, sannan a yayyafa ruwa. Gwajin ruwan a tafin hannu yake: dunƙula, ka saki daga tsayin ƙugu. In ya fashe gida biyar ko shida, daidai ne. In ya watse kamar gari, da saura. In ya faɗi dunƙule, an cika ruwa. Dalilin da ya sa ba ma kwaɓa buhu guda lokaci ɗaya shi ne siminti yana fara kamawa cikin awa ɗaya, injin hannu kuma bai wuce bulo 50 zuwa 60 ba a awa.

Babbar asararmu ta farko daga tsarin biyan kuɗi ta fito. Mun ba yara jinga, kowane bulo da kuɗinsa, sai kowa ya koma sauri. Aka riƙa rage ƙasar da ake zuba wa inji don hannun ya sauka da sauƙi, ba wanda ya damu da ban ruwa, wato yayyafa wa bulon ruwa bayan ya fito daga inji, tunda ba a biyansa. Bayan wata ɗaya kana goga ƙusa a jikin bulon sai gari ya zubo. Laifin tsarinmu ne, don wanda ya kwana da yunwa dole ya bi abin da ake ƙirgawa. Muka koma ba da kuɗin abinci kullum, sauran ladan kuma a kan bulon da ya tsallake gwaji bayan kwana 28, a raba wa rukunin gaba ɗaya. Tun daga nan su da kansu suke tsawata wa mai ha'inci.

Ban ruwa muka miƙa wa matan. Bulo yana fitowa ake jera shi a inuwa, a lulluɓe da leda, a riƙa yayyafi safe da yamma har kwana 14, sannan a bar shi ya bushe a hankali. Da hunturu ledar ba ta da makwafi: iskar tana shanye danshi cikin yini guda, simintin ya tashi a banza. Ƙirga da rubuta ranar kowane jeri da alli aikin zaune ne, wanda ba ya iya tsayuwa yana yin sa da kyau.

Wani abu da ya kamata a faɗa wa mutane tun farko: ragin kuɗin da ake samu a wannan ginin ba a simintin bulon yake ba. Ɗaki mai ƙafa 12 sau 12 yana cin bulo kusan 1,400, wato buhu 13, har ya ɗan fi na bulon siminti mai inci shida. Inda ake samun sauƙi shi ne ba a yin filasta ciki da waje, wadda ke lashe buhu shida zuwa takwas da yashi da ladan magini, ba fenti, kuma in ƙasar filin ta yi kyau ba kuɗin tifa. Galibin abin da aka kashe yana shiga aljihun 'yan unguwa ne. Ga kuma sanyi da bazara, wanda duk wanda ya taɓa kwana a soro ya san shi.

Maƙiyin ginin ruwa ne. Harsashi da dutse ko kankare, a ɗaga shi aƙalla taƙi biyu sama da ƙasa, a shimfiɗa leda mai kauri kafin layin farko. Kwano ya zarce bango da ƙafa biyu. Ɗakin da muka bar wa gajeren baki, damina biyu ta cinye gindinsa ta gabas, inda ruwa ke bugowa.

Ta fuskar kuɗi, tausayi ya kusa karya mu. Mun fara da ba mabuƙata bulo bashi, jarin ya maƙale, ranar sayen siminti ba ko sisi. Da buhu ya haura naira 10,000 a farkon 2024, duk farashin da muka yanke a naira ya zama asara. Yanzu kashi biyu cikin uku na bulon muna sayar wa masu kuɗi a hannu: katangar makaranta, shaguna, masallatai. Ribar nan ce take rage wa talaka farashi. Su kuma waɗannan masu sayen ba su waiwaye mu ba sai da muka gina shago ɗaya a bakin titi, muka jiƙa bulo a bokiti kwana biyu a gabansu, don a idon mutane da yawa ginin ƙasa alamar rashi ne.

Masu neman ɗaki suna shiga adashi na mutum goma zuwa goma sha biyu, zubi duk ranar kasuwa, ba kuɗin ruwa. Ana lissafin zubin da kuɗin buhun siminti na ranar, kuma mai kwasa kayan gini yake ɗauka, don kuɗi a hannu biki ko rashin lafiya na iya cinye su. Iyalinsa su kawo lebura biyu. Ɗaki ɗaya da banɗaki ake fara yi, a bar haƙoran bulo a kusurwa don ƙari nan gaba. Ba ma sauke bulo a fili sai mun ga takardar ciniki da sa hannun mai unguwa da shaidu, in filin gado ne kuma sai an raba, kowane magaji ya sa hannu, har da mata.