Godiya ga makarantar su marigayiya ƙanwata

Assalamu alaikum. A madadin Umma da sauran 'yan gida, ina miƙa godiyarmu ga shugabar makarantar su ƙanwata, da malamanta, da 'yan ajinsu na SS3, saboda karamcin da suka yi mana ranar Asabar wajen bikin yaye ɗalibai.

Ga waɗanda labari bai iske ba, Allah ya yi mata rasuwa a watan Maris na shekarar 2024, cikin azumi, sanadin sanƙarau. An riga an yi mata rajistar WAEC da JAMB, amma ko ɗaya ba ta zauna ba. Don haka babu wani sakamako da zai fito da sunanta, hukumar jarrabawa sai wanda ya rubuta take ba wa shaida. Abin da ke hannun makaranta shi ne takardar shaidar kammalawa, wadda ake rubuta shekarun ɗalibi da halinsa, ita suka ba mu.

Babban abin da muke gode wa Hajiya shugaba shi ne ba ta yanke hukunci ita kaɗai ba. Takanas ta tako har gida ta ce, "Umma, muna so mu kira sunanta ranar yaye ɗalibai, amma sai kin amince. In zai fama miki ciwo, a bar shi." Mu kanmu ra'ayi ya rabu a gida. Kawu ya ce mamaci addu'a yake buƙata, takarda ba za ta ƙare shi da komai ba, kuma gaskiyarsa. Umma ta ce yarinya ta yi shekara shida tana sammako, kada a karanta sunayen ajinsu a tsallake nata kamar ba ta taɓa zama a ciki ba. Aka bi maganar Umma, Kawun ma da shi aka je.

Ba a ware ta gefe ba, a jerin ajinsu aka kira ta, daidai inda sunanta yake a rajista. Na karɓa, aka yi mata addu'a, biki ya ci gaba. Hakan ya yi mana daidai, domin ranar ta sauran yaran ce da iyayensu. Na san ana yin irin haka a Amurka; a Parkland ta jihar Florida, an ba da shaidar ɗalibai huɗu 'yan ajin ƙarshe da aka harbe bayan rasuwarsu a 2018. A nan garin dai ban taɓa gani ba.

Malam mai kula da ajinsu, Allah ya saka da alheri, shi ya tattaro mana littattafanta. Ƙawayenta da suka haɗa kuɗi suka sayi Alƙur'anai suka kai masallaci da sunanta, Allah ya ba ku sakamako mai kyau da miji nagari.

Kuɗin zango na uku da makaranta ta dawo mana da shi, Umma ta ce a ba wata ɗaliba mai buƙata, mun bar wa Hajiya zaɓi. Umma ta kuma ce in roƙi iyaye, in an zo rigakafin sanƙarau a kai yara, zazzaɓi da sanƙarewar wuya kuma a garzaya asibiti.

Allah ya jiƙanta, ya jiƙan namu da naku. Mun gode.