Yaushe za a ba yaron shago almakashi?

A Garwa da Marwa da Ngaundere, a arewacin Kamaru, kusan duk shagon telan da ka leƙa za ka tarar da maigida a kan keke ko a gaban teburin yanka, yara uku ko huɗu kuma suna kewaye da shi: wani na hura gawayin dutsen guga, wani na ɗaura maɓalli, wani an aike shi kasuwa sayen zare. Ta wannan hanya akasarin telolinmu suka tashi, kuma hanya ce mai kyau idan an bi ta da gaskiya. Inda take lalacewa wuri ɗaya ne. Yaro zai yi shekara uku ko huɗu yana haɗa abin da wani ya yanka, bai taɓa ɗora almakashi a kan yadin mutane ba, sannan a ce an yaye shi. Wannan ɗan taya aiki aka yi, ba tela ba.

Gyaran yana farawa ne tun ranar da uba ko kawu ya kawo yaron. Goro da addu'a suna da muhimmanci, amma a haɗa su da rubutu. Dokar ƙwadago ta Kamaru ta 1992 ta ce yarjejeniyar koyon sana'a sai an rubuta ta, in ba haka ba ba ta da daraja a gaban doka, kuma ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 14 ba ko da da sunan koyo ne. Takarda ɗaya ta isa, da Faransanci ko da ajami, kowane ɓangare ya riƙe kwafinta. A rubuta tsawon lokacin koyon, da kuɗin da iyaye za su biya da yadda za a rarraba shi, da wanda zai ɗauki abincin rana, da lokacin zuwa da na tashi, musamman idan yaron yana makarantar allo da safe ko islamiyya da yamma. Abu biyu ne ake yawan mantawa, kuma su ne ke kawo rigima daga baya: wa zai biya idan yaro ya ɓata yadin mai kaya, kuma a wane wata ne za a fara koya masa yanka. Maigidan da ya ƙi a rubuta na biyun ya riga ya gaya maka niyyarsa.

Watannin farko na guga ne da maɓalli da kalmasa da hannu, kuma ba ɓata lokaci ba ne. A wurin guga yaro yake sanin halin yadi: shadda ana goge ta ta baya don kada ƙyallinta ya mutu, yadin roba yana narkewa da dutse mai zafi, auduga tana shiga idan ta sha ruwa. Amma wata uku sun isa. Daga nan sai keke, a fara da taka shi ba zare, allura tana bin layin da aka ja a takarda har ƙafa da hannu su daidaita, sannan a koma kan ƙyallaye.

A nan ne ake gane maigidan kirki, domin keke yana da laifuffukansa kuma kowanne da dalilinsa. Idan zare ya cukurkuɗe a ƙarƙashin yadi, yaro zai ɗauka kwarkwaro ne ya lalace, alhali yawanci zaren sama ne ya yi sako-sako ko bai bi hanyarsa ba. Idan ɗinki yana tsallake, a duba allura, ko ta dakushe ko an sa ta a karkace. Allura mai lamba 11 ta yadi mara nauyi ce, 14 ta atamfa da shadda, 16 ta kaki da jins. Maigidan da zai ture yaro ya gyara keken da kansa cikin minti ɗaya ya ceci aikin ranar, amma gobe za a sake kiransa. Gara ya tsaya a kansa ya tambaye shi: "Ina zaren ya taru, sama ko ƙasa? To, wanne ne bai ɗaure ba?" Minti goma ne, kuma ba za a maimaita ba.

Kalandar ƙasar nan ma tana taimakon mai koyarwa idan ya san yadda zai yi amfani da ita. Kayan makaranta kafin komawa aji a watan Satumba su ne mafi dacewa da ɗan koyo, saboda fasali ɗaya ne ake maimaitawa sau da yawa, yadin ba shi da tsada, kuma kuskure kaɗan yana gyaruwa. Haka kayan faretin 11 ga Fabrairu, ranar matasa, da na 20 ga Mayu, ranar ƙasa. Atamfar 8 ga Maris, ranar mata ta duniya, ta fi wuya, don tana ɗauke da rubutu da zane mai kai da ƙafa, kuma wanda bai lura ba sai ya yanka gaban riga a miƙe, bayanta a kife. Goman ƙarshe na azumi da jajiberin Babbar Sallah kuwa ba lokacin koyar da sabon abu ba ne. Shago a cike yake, kowa ya yi kwanaki bai yi barci ba, ran maigida a kusa yake. A lokacin kowa ya tsaya kan abin da ya riga ya iya.

Sai awo da yanka, wato inda sana'ar take. Tef ɗin awo fuska biyu gare shi, inci da santimita, kuma a yankinmu duka biyun suna aiki: wanda ya koya a Yola ko Mubi a Najeriya da inci yake awo, wanda ya fito daga cibiyar koyon sana'a ta gwamnati da santimita. Inci ɗaya santimita 2.54 ne. Shago ya zaɓi ɗaya ya tsaya a kai, a kuma rubuta shi a saman kowane shafi na littafin awo, in ba haka ba wata rana za a yanka wa babban mutum rigar ɗan yaye. Yaro ya fara da riƙe littafin, maigida na awo yana faɗa: tsayi, kafaɗa, ƙirji, hannu, wuya, ƙugu, cinya. Bayan wani lokaci su yi musaya. Sannan a nuna masa lissafin da yawancin masu gida suke yi a ka ba sa furtawa. Yadin da aka ninka biyu ana raba awon ƙirji gida huɗu ne: ƙirji mai santimita 100 ya ba da 25, a ƙara 3 ko 4 don sakin jiki, a ƙara kamar 2 na ɗinki. Ba wani asiri a ciki, amma yaron da ba a gaya wa ba zai yi shekaru yana kallon alli yana tafiya a kan yadi bai san me ya sa ya tsaya a inda ya tsaya ba.

Yankan farko a takardar buhun siminti ake yi, na biyu a yadi mai araha wanda yaron zai sa da kansa, domin wandon da ya matse shi a cinya zai koya masa abin da faɗa ba zai koya ba. Na uku kayan ƙannensa. A ganina, yaron da ke zuwa kullum ya kamata ya kai wannan mataki kafin ƙarshen shekararsa ta biyu, ya kuma yanka kayan mai kaya a gaban maigida cikin ta uku. Shadda mai tsada ita ce ta ƙarshe.

Dalilin da ya sa ake ɓoye yanka sananne ne: tsoron kada yaro ya iya ya buɗe shago a gefe ya kwashe masu kawo ɗinki. Tsoron ba na banza ba ne, ana yin haka. Sai dai lissafin bai fita ba. Shagon da mutum ɗaya ne kawai yake yanka a cikinsa yana tsayawa cak ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi ko ya tafi gaisuwar mutuwa ƙauye, kuma yawan aikin da zai karɓa kafin Sallah bai wuce abin da hannunsa biyu za su yanka ba. Ga kuma abin da yaran yanzu suke kawowa: su ne ke ganin sabon yayi a waya, su ne suka iya ɗaukar hoton kaya su tura ta WhatsApp, su ne ke bin sawun kuɗin da aka biya ta waya, ta Orange Money ko MoMo. Maigidan da ya saki yanka yakan sami wannan a madadinsa ba tare da ya roƙa ba.

Shi ma ɗan koyo da nasa nauyin. Ya riƙe littafinsa na kansa, ya rubuta kowane kuskure da dalilinsa. Ya yi tambaya bayan mai kaya ya fita, ba a gabansa ba. Ragowar yadi ta mai kaya ce sai in ya ce ya bari, kuma yaron da ya saba tura ƙyalle a aljihu ba wanda zai yarda ya bar masa shago. Karɓar ɗinki a ɓoye a yi shi da keken maigida da zarensa shi ne abin da ya fi saurin raba su. Duk wannan ya shafi 'yan mata da ke koyo wurin uwar ɗaki a cikin gida, sai dai su an fi cinye musu lokaci da wanke-wanke da raino, don haka iyayensu su riƙa tambaya a kai a kai: me ta ɗinka a wannan watan?

Yaye kuma a shirya shi tun shekara guda kafin ranar. A sa yaron cikin adashi da ɗan abin da ake ba shi don ya tara kuɗin keken ƙafa, wanda ba ruwansa da ɗaukewar wuta. A ba shi takardar shaida mai ɗauke da kwanan wata da sa hannu, domin za ta yi masa amfani idan ya je neman tallafi a ofishin FNE, wato asusun samar da aikin yi na ƙasa. Abin da ya fi kayar da sabon tela shi ne sa farashi: yakan manta da kuɗin zare da maɓalli da gawayi da haya, ya karɓi aiki da arha don ya ja mutane, wata shida ya rufe. Maigida ya zauna da shi su yi lissafin kaftani ɗaya daga zare har guga, kuma a Sallar farko ya tura masa aikin da ya yi wa shago yawa, ya duba ɗinkin kafin a miƙa wa masu shi.