Batirin da na kasa haɗawa a Zariya

Kawuna yana da shagon cajin batir a Sabon Gari, kuma a nan na fara sanin warin ruwan batir tun ina firamare. Aikina shi ne in buɗe murfin kowane gida, in leƙa ko ruwa ya rufe farantan dalma, in ƙara idan ya ja baya. Wandunana duk sun sha huji. Shi kawu bai san sunan sinadarin da ke ciki ba, amma da ya ɗora waya ya ga tartsatsi zai gaya maka ko batirin zai ƙara damina ɗaya.

Da na samu gurbin digirin digirgir, ina ƙaramin malami a sashen kimiyyar sinadarai, ban yi wata-wata ba na ce litiyam zan yi. Lokacin ba a daɗe da ba John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino kyautar Nobel ta 2019 a kan batirin litiyam ba, kowa maganarsa yake. Ga kuma labarin duwatsun litiyam da ake tonowa a Nasarawa da Kaduna da Kwara. Na rubuta tsarin bincike mai shafi talatin a kan litiyam da ƙarfe da fosfet, wato sinadarin da ɗakin gwajin Goodenough ya fito da shi a 1997. Ya burge ni don babu kobalt a cikinsa, ƙarfen nan mai tsada da mafi yawansa daga Kwango ake haƙo shi.

Farfesan da ke duba aikina ya karanta, ya cire tabarau, ya ce, "Malam, a ina za ka haɗa shi?" Na ce, "Ranka ya daɗe, za mu san dabara." Ya yi murmushi bai ƙara komai ba. Shekara ɗaya da rabi na yi kafin in fahimci wannan murmushin.

Matsalar ita ce litiyam ba ya ga maciji da danshi. Ƙaramin batirin gwaji, irin mai kama da kwabo da ake kira CR2032, faɗinsa milimita 20, kaurinsa 3.2, a cikin wani akwati rufaffe ake haɗa shi, wanda aka cika da argon, iskar da ba ta lalata litiyam, mutum ya zura hannu ta safar roba. Danshi da iskar shaƙa a ciki ba sa kai kashi ɗaya cikin miliyan. Ruwan batirin kansa, idan ya sha laima, yana haifar da wani asid mai cin gilashi, ya cinye abin da ka sha wahalar haɗawa. Ni ba ni da wannan akwati. Sai na sa wani maƙeri ya haɗa mini na gilashi, na cika shi da ƙwayoyin tsotse danshi, na jira hunturu, a tunanina iskar Zariya a watan Janairu ta bushe isasshe. Leɓe yana tsagewa, amma batir bai yarda ba. Guda nawa na haɗa, duk suka mutu kafin su zagaya caji goma. Kuɗin sinadaran kuwa daga albashina suka fita, sai da na jira wata uku kafin su iso.

Abin da ya juya ni shi ne wata shida da na samu na zama a wani ɗakin gwaji a ƙasar waje. Na je da niyyar in haɗa litiyam ɗina a akwatin gaske, na kuma haɗa. Amma matar da ke shugabantar wurin ta tambaye ni abin da zan ci gaba da yi idan na koma gida. Na rasa amsa. Ita ta nuna mini cewa ajiyar wuta ba litiyam kaɗai ba ne. Akwai sufakafasita, wadda ke tara caji a fuskar gawayi mai ƙananan ramuka, akwai batirin tutiya, akwai na sodiyam, kuma da yawansu ana gwada su da ruwan gishiri a kan tebur, ba tare da argon ba.

Na dawo na fara da abin da ke zube a bakin kasuwa: ɓawon gyaɗa da ƙaiƙayin shinkafa. A wanke, a busar, a ƙone ba tare da iska ba har ya zama gawayi, a cuɗa da fotasiyam haidroksaid, a sake gasawa a tanderu a zafin digiri 700 zuwa 800. Wannan gashi na biyu shi ke huda gawayin, har giram ɗaya ya iya samun faɗin fuska sama da murabba'in mita 1,000. Sau biyu aka ɗauke wuta ana tsakiyar gashi, na yi asarar aikin mako. Daga nan na koyi sayen man janareta kafin in kunna tanderu, da rubuta lokacin da zafi ya faɗi a littafin aiki, domin gawayin da ya huce a hanya daban yake da wanda ya gasu a tsanake, ko da ido bai gani ba.

Ruwa yana da iyakarsa, kar wani ya ruɗe ku. A lissafi yana fara rabewa ne a bolt 1.23, alhali sufakafasitar kasuwa mai amfani da wani sinadari a maimakon ruwa tana kai 2.7. Tunda ƙarfin da ake ajiyewa yana tafiya da bolt sau bolt, wannan tazara ba ƙarama ba ce. Da gishirin sodiyam salfet ana iya matsawa sama kaɗan, zuwa wajen 1.6. Amma aiki ne da zan iya maimaitawa gobe da jibi a Samaru, da ɗaliban da ba su taɓa hawa jirgi ba.

A nan ne na ci karo da abin da ya fi akwatin argon muhimmanci, kuma shi ne ba a koya mana a aji ba. Sakamakona na farko ya yi kyau har ya ba ni tsoro. Na rubuta maƙala da zumuɗi na tura wata mujalla. Mai tantancewa ya dawo da tambaya biyu: nawa ne nauyin gawayin da ka shafa a kowane murabba'in santimita, kuma da sanda uku ka auna ko da biyu? Sandunan su ne abin da ake tsomawa a ruwan gwaji a haɗa da na'urar auni, a jikinsu ake shafa gawayin. Na shafa abin da bai kai miligiram ɗaya ba, ƙwaya ce kawai, alhali na'urar da ake sayarwa tana ɗaukar wajen miligiram goma. Shafi siriri kullum yana ba da lamba mai daɗi, don caji na shiga ko'ina ba wahala. Sannan aunin sanda uku fuska ɗaya yake dubawa. Idan ka haɗa cikakkiyar na'ura mai fuska biyu ka raba da nauyinsu duka, lambar tana komawa kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Ban yi ƙarya ba, amma na zaɓi aunin da ya fi yi mini ado ba tare da na sani ba.

Na ji haushi kwana biyu, har na yi tunanin tura ta irin mujallun nan da ke aiko saƙo kullum, a biya kuɗi a buga cikin mako. Jarabar gaskiya ce, domin hawa daga mataimakin malami har zuwa babban malami da farfesa da yawan maƙaloli ake lissafa shi, kuma na ga waɗanda muka fara tare sun wuce ni ta wannan hanya. Farfesa ya ce, "Malam, wanda zai ba ka tallafi daga waje sai ya karanta." Na koma na sake komai: shafi mai kauri, na'ura uku-uku daga kowane gashi, caji da sauke caji dubbai. Lambar ta faɗi, maƙalar ta fita bayan shekara. Ita ce har yau ake rubuto mini a kanta.

Ga mai sha'awar wannan fanni, abin da nake faɗa wa ɗalibaina ba shi da yawa. Kafin ka rubuta taken bincikenka, zagaya ka ga na'urar da ke aiki, ba wadda ke cikin kwali ba. Na'urar auna caji guda ɗaya mai lafiya ta ishe ka digiri. Abin da babu, kamar hoton ramukan gawayi ko aunin faɗin fuskarsa, da zumunci ake samunsa, ka aika samfur, ka sa sunan mai aunawa a maƙala. Hanyoyin tallafi irin TETFund da PTDF, asusun gwamnati biyu masu tallafa wa karatu da bincike, suna nan, a riƙa bibiyar sanarwarsu, a kuma nemi zaman wata uku ko shida a waje ko da ba cikakken karatu ba ne. Sai haƙuri da kalandar jami'a: yajin aikin 2022 kaɗai wata takwas ya ci, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ni a wannan zaman na koyi lissafin da ke bayan aunin turjiyar batir, wato yadda yake tare wa wuta hanya a cikinsa, abin da nake ta gudu tun digiri na biyu.

Litiyam bai fita raina ba. An buɗe masana'antar sarrafa shi a Nasarawa a 2024, kuma tsakanin dutsen da aka haƙo da garin da ake shafawa a batir akwai aikin tacewa mai yawa da masu kimiyyar sinadarai za su iya yi ba tare da argon ba. Ɗaya daga ɗalibaina mata ta fara duba wannan ɓangaren.

Kwanan baya na kai wa kawu ɗaya daga na'urorin da muka haɗa, biyu a jere, na yi musu caji na ɗan lokaci, suka kunna ƙaramin ƙwan fitila ja. Ya juya su a tafin hannu, ya shinshina, ya ce, "Ɗana, wannan ɓawon gyaɗar ne?" Na ce shi ne. Ya ce, "To yaushe zai ta da mota?" Na ce da saura. Ya miƙo mini su, ya nuna wani batir a ƙasa, ya ce tunda na zo in duba masa ruwansa.