Wasiƙa Daga Suwizalan: Masu Jan Guga Daga Sama

Assalamu alaikum iyayena, yayyena da ƙannena na Damagaram, daga Birni zuwa Zango, har mutanenmu na Mirya da Matamaye da Tanut. Ya kaka? Allah ya sa gero ya yi albarka, ya sa a ci lafiya.

Makon jiya na aika wa ɗan yayata wani ɗan bidiyo ta WhatsApp, na jirgi mai saukar ungulu ɗauke da wani shirgegen ƙarfe yana reto a ƙarƙashinsa. Kafin gari ya waye bidiyon ya zaga dangi. Baffana ya aiko da murya yana cewa, "Yaro, faɗa mini gaskiya, wannan ba haɗin kwamfuta ba ne?" Baffa, wallahi ina wurin. Ni ne mai jar hular nan da ke tsugune a gefe.

Shekarata huɗu ina aikin gini a tsaunukan Alp. Muna kafa turakun ƙarfe na wayar da ke jan mutane zuwa kan dutse, a wuraren da mota ba ta zuwa, ko jaki ma sai ya yi tunani. Kwaɓaɓɓen siminti, ƙarfe, janareto, ruwan sha, duk ta sama suke iso mana. Ni a ƙasa nake, ina cikin masu tarbar kaya da kwance ƙugiya.

Wanda ya taɓa jan ruwa a rijiya mai zurfi zai fi kowa gane aikin matuƙin nan. Igiyar da ke ƙarƙashin jirgin takan kai mita 30 zuwa 50. Shi matuƙin ba gabansa yake kallo ba. Tagarsa tana da tumbi, sai ya cusa kai ciki yana leƙen ƙasa, kamar mai leƙa guga. Hannun dama na kan sandar juya jirgi, na hagu na kan wadda ke ɗaga shi ko sauke shi, ƙafafu biyu kuma na hana shi juyawa kamar katantanwa. Kun san idan guga ya fara lilo, in ka ce za ka yi kokawa da shi sai ya bugi bango ruwan ya zube. To su ma ba sa kokawa da kaya. Idan kayan suka yi gabas, sai matuƙi ya bi su gabas a daidai lokacin, ya tsaya cak a kansu, lilon ya mutu. Na ga an yi wannan ya fi sau ɗari, har yau ba na iya ɗauke ido.

Ranar bidiyon, wani babban jirgi mai suna Super Puma ne ya kawo mana kan turke, nauyinsa ya haura tan uku. Iskar fukafukansa ta danne mu kamar an ɗora wa mutum buhu a kafaɗa, tsakuwa na harbin fuska, ba ka jin ko muryar kanka. Babbanmu yana magana da matuƙin ta rediyo: sauka rabin mita, hagu kaɗan, tsaya. Ƙarfen yana saukowa a hankali har ramukansa suka hau kan ƙusoshin da ke jira, kowane rami da ƙusarsa. Mutum huɗu hannuwanmu na jikin ƙarfen nan. Da matuƙin ya yi atishawa a lokacin, da wani ya rasa yatsu.

Abu biyu aka fara koya mini. Na farko, ba a taɓa ƙugiya sai ta taɓa ƙasa, don jirgin yana tara lantarki a jikinsa, yana iya yar da ƙato. Na biyu, ba a tsayawa ƙarƙashin kaya ko da na daƙiƙa ɗaya ne, domin akwai maɓalli kusa da yatsan matuƙi, in inji ya ba shi matsala zai saki kayan nan take.

Jiragen iri-iri ne. Akwai K-MAX na Amurka, siriri, mai kujera ɗaya, fankokinsa biyu suna saƙa juna ba sa karo. Yana ɗaga kilo 2,700, fiye da nauyin jikinsa. Babban yayansu shi ne Mi-26 na Rasha, wanda ya fara tashi a 1977. Fukafukai takwas gare shi, faɗin fankarsa mita 32, yana ɗaukar tan 20, wato buhun gero 200. A 2002, a Afganistan, shi aka kira ya ɗauko jirgi mai saukar ungulu samfurin Chinook na sojojin Amurka da ya lalace a kan dutse.

Amma ba girman ƙarfe ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. Wata rana ce a watan Yuli. Muna zuba siminti da ƙaramin jirgi tun sanyin safiya, aiki ya ja har rana ta take. Mai kula da mu ya ga simintin zai fara ɗaurewa, ya ce a riƙa cika bokitin har baki don a rage sawu. Matuƙin ya amsa ta rediyo, ba faɗa ba tsawa, ya ce a'a, ma a rage. Dalilinsa kuwa iska in ta yi zafi takan yi shara-shara, haka in an yi sama sosai, sai fukafuki ya rasa abin da zai dafa, inji ma ƙarfinsa ya ragu. Nauyin da jirgi ya ɗauka da hantsi ba lalle ya ɗauke shi da azahar ba. Shi ya sa suke sammako, suke zuba mai kaɗan-kaɗan, suke barin kaya mafi nauyi sai tanki ya yi ƙasa. Mai kula da mu ya yi ta ƙunƙuni, kowane minti na jirgin kuɗi ne. Matuƙin bai ƙara ko kilo ɗaya ba. Muka ƙara sawu, muka tashi a makare, kowa ya sauka gida da ƙafarsa.

A daren nan hanyar Agadas na yi ta tunawa. Kun san yadda ake loda mota a tasha, kaya har sun fi motar tsawo, mutane a can ƙololuwa, a ce "Allah ya tsare" a ɗau hanyar Tanut. Direban da muke kira gwani shi ne wanda ba ya mayar da kaya, wanda ke isa kafin kowa. In abu ya faru mu ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, amma an ce mana mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali. Ina da abokin ƙuruciya da ya tafi a irin wannan lodin, Allah ya jiƙansa, kuma da matuƙin nan ya ce a'a, fuskarsa na gani.

Lokacin ruwan 2024, da tsohon masallacin Birni ya rushe, hanyoyi suka yanke, na yi ta cewa ina ma muna da irin jiragen nan da za su kai hatsi da magani ƙauyukan da ruwa ya tsare. Sai dai ƙasarmu za ta fi Alp gwada matuƙi. Zafin Afrilu da ke wuce 40 zai cinye masa nauyin da zai ɗauka, rairayi na cin fukafuki da inji, ga ƙurar da jirgin ke tayarwa in ya zo sauka, wadda ke rufe masa ƙasa ruf a 'yan mitocin ƙarshe. Wanda ya girma cikin hazo, ya san iskar da ke riga hadari isowa, yana da abin da ba a koyarwa a aji. Saboda haka ƙannena da ke lakkal, maza da mata, ku riƙe lissafi da kimiyya da kyau. Duk matuƙin da na sani a nan, kafin ya taɓa maɓalli sai ya zauna da takarda ya auna nauyi da zafi da tsawon dutse.

Saura mana turke biyu kafin ƙanƙara ta rufe dutsen. Gobe da ƙarfe bakwai jirgi zai zo, in hazo bai hana ba. Baffa, a sa mu a addu'a, a gaida Inna da yara.

Ɗanku,
daga tsaunukan Alp.