Ranar da wutar gas ɗina ta koma kamar ta aci-balbal

Ranar Juma'a na ɗora ruwan tuwo tun wajen sha biyu, wallahi har aka sauko daga masallaci ko motsi bai yi ba, wutar ta lafe a ƙasa kamar ta aci-balbal duk da na murɗa makunnin har ƙarshe. Ni kuwa nan take na yanke hukunci, nace mai gas ya cuce ni, don ko sati biyu ba a yi ba da aka ɗuro min 12.5kg, har na fara shirya maganganun da zan je in gaya masa.

Maigida na shigowa yace "Hajiya ki yi haƙuri mu auna tukun kafin ki ɗau alhakin bawan Allah." Ashe a jikin kowace tukunyar gas akwai nauyinta in babu komai a ciki, an buga shi kusa da hannun, wasu da harufan TW. Muka ɗora a sikeli muka cire wancan nauyin, sai ga kilo tara cur a ciki. Kunya ta kama ni.

To gas na nan, ina matsalar? Muka koma kan regileta, wato abin nan da ake ɗaurawa a bakin tukunyar gas yana daidaita fitarsa. Irin ta zamanin nan wasu suna da wani ɗan abu a ciki da yake rage gas da kansa in ya ji yana fita da ƙarfi lokaci ɗaya, misali in kika buɗe tukunyar gas alhali makunnin murhu a buɗe yake, kuma abin da na yi kenan da safe ina sauri. Muka kashe komai, muka cire ta, aka ɗan jira kamar minti ɗaya aka mayar aka buɗe a hankali. Wutar ta ɗan tashi amma a kan murhu ɗaya har yanzu ja take yi tana baƙanta gindin tukunyar girki. Tiyo ma mun duba, ya lanƙwashe a bayan kabad, muka miƙar da shi.

Mai laifi na ainihi dai miyar kukar ranar Laraba ce da ta tafaso ta zube. Da na ɗaga kan murhun duk ramukan sun toshe da busasshiyar miya, shi kuma ɗan ƙaramin hancin tagullan da gas ke fitowa a ƙasa ya like da maiƙo. Tsohon burushi da ruwan ɗumi na sa na wanke kan na shanya shi ya bushe sosai, hancin kuma siririyar waya kawai, don in aka sa ƙusa ko babbar allura ramin faɗi zai yi, shikenan wuta ta lalace sai an sayi sabo.

Da muka haɗa, kumfar sabulu na shafa a bakin tiyo da kilif da wuyan regileta in ga ko za ta yi ƙwai. Don Allah banda gwaji da ashana, har yau akwai masu yi.

Wata maƙociyata tace nata da asuba kawai yake mata haka lokacin hunturu, wannan kam sanyi ne, gas ɗin da yake da butane da yawa ƙarfinsa raguwa yake in gari ya yi sanyi, musamman in tukunyar ta kusa ƙarewa har ki ga jikinta na raɓa.

Wutata dai ta dawo shuɗiya shar da ƙarar nan tata, amma lokacin la'asar ta yi yara sun ishe ni da kukan yunwa, taliya na dafa.