Fim Na Minti Ɗaya, Ba Magana

Kusan duk yaran da suke shigowa ajin koyon shirya fim da nake ɗauka a wata makarantar sakandare a Kano, jarumai suke son zama. Ba laifinsu ba ne. Sun taso suna ganin fuskokin 'yan Kannywood a Arewa24 da YouTube, ba wanda ya taɓa nuna musu mutumin da ke kwana gaban kwamfuta yana tace fim, wato yanka hotuna da jona su. In na ce wa zai riƙe kyamara, sai kowa ya sunkuyar da kai.

Shi ya sa aikin farko da nake ba su shi ne fim na minti ɗaya da wayar hannu, ba a furta ko kalma ɗaya a ciki. Nan take ƙorafi yake tashi: "Malam, to ta yaya za a gane labarin?"

Ba na amsa musu da baki. Sai mu maimaita gwajin da wani ɗan Rasha, Lev Kuleshov, ya yi fiye da shekara 100 da suka wuce. Ya ɗauki fuskar ɗan wasa guda, ba fara'a ba fushi, ya riƙa jona ta da hotuna daban-daban, masu kallo kuma suka riƙa ganin yunwa a nan, baƙin ciki a can, alhali fuskar ba ta canza ba. Mu ma muka ɗauki wani yaro yana kallon gabansa kawai. Muka jona hoton da farantin ƙosai, sannan da dorinar malamin ladabtarwa, sannan da kujerar abokinsa ba kowa a kai. 'Yan ajin suka dinga rantsuwa cewa a na biyun idonsa ya raina fata. Da na nuna musu hoto ɗaya ne na saka sau uku, ajin ya kaure da hayaniya. A ranar suka gane cewa wurin tacewa ake ƙulla labari, kuma tun daga nan ake rububin zama gaban CapCut, manhajar tace bidiyo.

Sauran dokokin ba sa ɗaukar lokaci. A kwantar da waya, kada a riƙe ta a tsaye. Kada a ɗauka da rana tsaka, don inuwa na cika ramin ido. Hantsi ko bayan la'asar ya fi, farin kwali kuma ya isa ya mayar da haske kan fuska. In mutum biyu na hira, kyamara ta tsaya a gefe ɗaya na layin da ke tsakaninsu, in ta tsallaka sai a ga kamar duk waje ɗaya suke kallo.

Sauti ne ya fi ba mu wahala da muka zo finafinan da ake magana. Ga janareta, ga ƙahon adaidaita sahu. Mai kallo zai jure hoto mai dishi-dishi, amma ba zai jure maganar da ba ya ji ba. Dabararmu ita ce a saka waya ta biyu a aljihun mai magana tana naɗar murya, a tafa hannu sau ɗaya gaban kyamara kafin a fara, daga baya a daidaita murya da hoto a kan tafin.

Akwai iyayen da suka ce ba su yarda fuskar 'yarsu ta fito ba. Na girmama wannan, ban kuma ja da kowa ba. Na dai roƙi a bar 'yan matan a bayan kyamara, aka amince. Ɗaya daga cikinsu, wadda da ƙyar ake jin muryarta a aji, ita ta ba da umarni a fim ɗin da ya fi kowanne kyau a zangon: wata ƙanwa tana ɓoye takardar sakamakon yayanta don kada babansu ya gani. Sai da ta sa manyan samarin ajin suka yi ta maimaita fitowa ɗaya, saboda hannun da ya ɗauki takardar a hoton nesa ba shi ne ya riƙe ta a na kusa ba.