Manaja Ya Ce Zai Duba

A ƙarshen 2023 muka iso Manchester. Uwargida ce ta samu gurbin karatun digiri na biyu, ni da yara muka biyo ta a matsayin iyali. Muna cikin 'yan sahun ƙarshe, domin daga Janairun 2024 gwamnatin Birtaniya ta rufe wannan ƙofa ga mafi yawan masu irin karatunta. Bizarta ta ɗaliba awa 20 kacal ta yarje mata ta yi aiki a mako idan makaranta na ci, tawa kuwa ba ta da wannan takunkumi. Ba sai an zauna shawara ba, kowa ya san wuyan wanda kuɗin haya zai hau.

A gida malamin lissafi ne ni a sakandare. A nan aikin da ya fara amsa mini shi ne na jera kaya da dare a wani babban kanti, daga ƙarfe goma zuwa wayewar gari. Mota takan sauke kaya cikin wasu kejuna masu taya, tsayinsu ya fi mutum, an naɗe su da leda. Ka ja kejinka zuwa layin da aka ba ka, ka yanke leda, ka fara jeri. Ni layin ruwa da lemo aka ba ni, kuma daga baya na gane cewa duk sabon zuwa nan ake fara jefa shi. Ƙunshin ruwa ɗaya gora shida ne masu lita bibbiyu, wato kilo 12. Za ka ciro shi daga gindin keji, ka murɗa jiki, ka tura shi can cikin kanta ta ƙasa, ka sake komawa. Haka har asuba. Shugaban 'yan dare kuma yana zagayawa da 'yar na'urarsa a hannu, ta nuna masa kejin da ya kamata a ce ka gama da wanda ka makara.

Kafin hunturu ya fita ƙuguna ya fara magana. Da farko tsami ne irin na gajiya, daga baya ya zama zafi mai saukowa ta bayan cinya. Inda abin ya fi damuna shi ne sallar asuba. In na dawo gida na yi ruku'u, sai na dafa bango kafin in miƙe. Akwai ranakun da a kan kujera na yi sallata, yarana suna leƙe suna mamakin babansu ya zama tsoho dare ɗaya.

Na samu manajan sashenmu a bakin ƙofar sito. Na gaishe shi, na tambayi iyali, na gode masa da aikin da aka ba ni, sannan na ce bayana yana ɗan damuna, ko da akwai wani wuri da za a iya taimaka mini. Mutumin kirki ne, ba ya ɗaga murya, kuma tun ranar farko ya hana ni ce masa yallaɓai, ya ce in kira sunansa kawai, abin da har yau bakina bai saba da shi ba. Ya ce, “Ayya, sannu. Bar mini maganar, zan duba.” Idonsa na kan na'ura, ƙafarsa ɗaya ta riga ta kama hanya. Jadawalin mako ya fito, sunana na nan a layin ruwa. Na sake tuna masa, ya sake cewa zai duba. Wata ya wuce, wani ya bi.

A Kantin Kwari, idan yaron shago yana da damuwa, ba ya tsayawa gaban maigida ya zayyana buƙata. Yakan sa wani babba ya yi masa magana, ko ya bari maigida ya lura da kansa, kuma maigidan da ya san ya kamata zai lura. Da wannan tarbiyya na zo, ba na kuma jin kunyarta. Sai dai tana aiki ne inda maigida shi ne mai shago, ya san mahaifinka, kuma gobe ma shi za ka tarar. Manajan babban kanti shi ma yaron wani ne. Daga hedikwata ake yanka masa adadin awannin da zai kashe a mako, ana auna shi da ko kantoci sun cika kafin a buɗe ƙofa. Layin ruwa da dare babu mai so. Idan ya samu wanda ba ya makara, ba ya fashi, ba ya gardama, ya kuma gama kejinsa, me zai sa ya taɓa shi? Ƙwazon da nake tsammanin zai sa a tausaya mini shi ne ya ɗaure ni a wurin. Duk wanda ke shirin zuwa irin wannan aiki ya riƙe wannan.

Wata Hajiya 'yar Zangon Kumasi ce ta warware mini. Ta daɗe a kantin, tana layin biskit, kuma ranar da ta ji ina waya da Hausa a ɗakin cin abinci ta ajiye cokalinta ta ce, “Kai ɗan ina ne?” Tun daga nan na zama ƙanenta. Wani dare wajen ƙarfe biyu, lokacin hutu, ta ga yadda nake zama a karkace.

“Ƙanena, har yanzu ba su ɗauke ka daga ruwan nan ba?”

“Hajiya, na yi masa magana. Ya ce zai duba.”

“A ina ka yi masa maganar?”

“A bakin sito.”

Ta yi dariya har da tafa hannu. “To ai ba ka yi magana ba. Gaisawa kuka yi. A ƙasar nan abin da ba shi da kwanan wata bai faru ba. Kuma me ka ce ya yi maka?”

Na ce na roƙi a taimaka mini da wani wuri.

“Wane wurin? Ka ba shi aikin tunani, shi kuma ba shi da lokacin tunani. Ka nemo wurin da kanka, ka faɗi sunansa, ka faɗi wanda zai hau naka.”

Ita ce ta haɗa ni da wakilin Usdaw na kantin, ƙungiyar ƙwadago ta ma'aikatan shaguna mai mambobi sama da dubu 300. Na yi rajista. Na kuma kira Acas, hukumar da ke ba ma'aikata da masu ɗaukar aiki shawara kyauta. Abin da na tattaro daga wurarensu ya ɗan sanyaya mini jiki, domin babu wata doka da ta ce don ka gaji da wani aiki dole a canza maka. Ƙofofi ne 'yan kaɗan, kowace da girmanta.

Wadda aka fi yi wa talla ita ce ta neman sassaucin tsarin aiki. Daga 6 ga Afrilun 2024 ma'aikaci yana da damar shigar da wannan buƙata tun ranar da ya fara aiki, sau biyu a cikin wata 12, kuma dole a ba shi amsa cikin wata biyu, dole a zauna da shi kafin a ƙi. Idan za a ƙi, sai an kafa hujja da ɗaya daga dalilai takwas da doka ta lissafa, irin su ƙarin kashe kuɗi ko rashin yadda za a raba aikin a tsakanin sauran ma'aikata. Amma wannan dama ta shafi yawan awanni, lokacin aiki da wurin da ake yinsa. Ba ta shafi irin kayan da kake ɗagawa ba. Dokar Daidaito ta 2010 ta fi ƙarfi, tana tilasta wa kamfani ya yi gyara mai ma'ana ga mai naƙasa, sai dai ciwon sai ya kasance mai tsanani wanda ya kai wata 12 ko ake ganin zai kai, nawa kuwa bai kai ba a lokacin. Akwai kuma dokar 1992 kan ɗaukar kaya da hannu, wadda ta ɗora wa kamfani alhakin auna haɗarin aikin da rage shi. A jagorar hukumar kula da lafiya a wuraren aiki, kilo 25 da kowa ke ambata na namiji ne mai riƙe da kaya a jikinsa daidai ƙugu. Idan daga ƙasa zai ɗauko, adadin ya sauko zuwa kilo 10. Ba haramci ba ne, ma'auni ne na inda ya kamata a tsaya a duba. Malamin lissafin da ke cikina ya ji daɗin wannan: 12 ta fi 10, kuma duk dare daga ƙasa nake ɗauka.

Takardar likita ita ce mai kaifi biyu. A asibitin unguwa aka haɗa ni da mai gashin ƙashi, wanda tun 2022 su ma suna da ikon rubuta wannan takarda. Ya rubuta cewa zan iya aiki idan aka sauya mini ayyuka, a rage ɗaga nauyi daga ƙasa. Wakilin ƙungiya ya ja kunnena kafin in miƙa ta. Shawara ce, ba umarni ba. Idan kanti ya ce ba shi da inda zai sa ni, takardar ta koma ta marar lafiya, in tafi gida in zauna kan kuɗin jinya na doka, fam 116.75 a mako a wancan lokaci, alhali a lokacin mafi ƙarancin albashi fam 11.44 ne a awa, mai cikakken mako yana haura fam 400. Mu da bizarmu ta hana mu tallafin gwamnati, wannan ba ƙaramin rami ba ne. Shi ya sa maganar Hajiya ta zama ginshiƙi: kada takarda ta isa gabansu sai da wurin da za a mayar da kai a haɗe da ita.

Na fara sa ido. Teburin karɓar kuɗi ne kowa ke hange, amma ni ban nema ba, domin a nan kai ne za ka ɗaga kwalbar giya ka kuma tantance shekarun mai saye. Wani ɗan'uwa ɗan Somaliya ya sha fama kan wannan. Addini yana cikin abubuwan da Dokar Daidaito ta kare, amma hakan bai ba ka ikon ƙin taɓa kayan da kanti ke sayarwa kai tsaye ba. Shi ma a ƙarshe musaya da wani abokin aiki ce ta fitar da shi, ba gardama ba. Abin da na gano shi ne aikin duba kwanan watan kaya a sashen sanyi: ka bi madara, yogot da nama ɗaya bayan ɗaya, wanda ya kusa lalacewa ka manna masa rawayar takardar ragin farashi, ka shigar a na'ura. Ana fara shi da sassafe. Matar da ke yi za ta tafi hutun haihuwa, kuma kowa na gudun aikin saboda ƙididdiga da sanyin firji. Tunda na safe ne, komawa can canjin lokacin aiki ne, ke nan ya shiga ƙarƙashin waccan doka mai wa'adin wata biyu.

Wasiƙar ba ta cika shafi ba. Uwargida ta karanta daftarin farko ta ce, “Malam, wannan ai wasiƙar neman aure ce.” Ta soke gaisuwa, ta soke godiya mai layi huɗu, ta soke inda na ce in babu damuwa. Abin da ya rage: kwanan wata, cewa wannan buƙata ce a ƙarƙashin dokar sassaucin aiki, lokacin da nake yi yanzu da wanda nake nema, sunan aikin, ranar da nake son farawa, takardar asibiti, lissafin kilo, da tayin a gwada ni wata uku. Na ƙara da cewa akwai wani yaro ɗalibi da ke neman ƙarin dare a ƙarshen mako, na riga na tambaye shi ya yarda a ambace shi. Na tura ta imel ga manaja, na sa ofishin ma'aikata a kwafi.

Mutumin da ya yi watanni yana dubawa, a cikin makon nan ya kira ni ofis. Wannan karon a zaune, da takarda a gabansa, da wata mata tana rubuta abin da ake faɗa. Na nemi wakilin ƙungiya ya raka ni, suka amince. Bai nuna fushi ba, ni ne ma nake jin nauyi kamar na kai ƙararsa. Ya ce, “Da ka faɗa mini abin ya kai haka.” Na haɗiye amsar da ta zo mini. A ganina ba ƙarya yake ba. A wurinsa mutumin da ke murmushi yana cewa bayansa na ɗan damunsa, to ɗan damun ne.

Ba duk abin da na nema na samu ba. Sun ba ni safiya huɗu a sashen sanyi, suka riƙe dare ɗaya, amma a layin kayan maƙulashe na leda da ba su da nauyi. Ƙarin kuɗin dare ya tafi, kuma mun ji shi a cefane. Kai yara makaranta ya koma kan uwargida, ɗauko su ya dawo kaina. Yatsuna kan ƙage a firji duk da safar hannu. Na dai nemi a rubuto mini abin da aka amince a kai, aka turo.

Ana gab da Kirsimeti aka mayar da manajan wani reshe, kamar yadda suke yawan juya su. Sabuwar da ta zo ba ta san ni ba, ta ga namiji mai jiki a jadawali, ta mayar da ni layin ruwa dare uku a jere. Na buga waccan wasiƙa a takarda na kai mata ofis. Ta karanta a tsaye, ta ce babu wanda ya gaya mata, ta gyara biyu daga ciki nan take. Na ukun ta roƙe ni in taimaka saboda mutum biyu ba su da lafiya, na ce zan yi idan aka haɗa ni da wanda zai riƙa ciro na ƙasan keji. Ta haɗa ni da ɗalibin nan, muka gama layin kafin ƙarfe biyar.